Haƙuri da Amana: Me Yaron da Ya Firgita Yake Bin Iyayensa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan uwa, akwai wata magana da muke faɗa duk lokacin da musiba ta afka wa gida mai ƙananan yara. Mukan zauna da manya mu yi musu ta'aziyya ko jaje, idan aka juyo kan yaron da komai ya faru a idonsa sai a ce: "Ai yaro ne, bai san komai ba, zai manta." Idan ya yi kuka da dare a ce ya yi shiru. Idan ya yi tambaya a ce ba a tambayar wannan. Sai mu kira abin da muka yi haƙuri. Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: shin wannan shi ne haƙurin da aka umurce mu da shi? In kuwa ba shi ba ne, mene ne haƙƙin yaron a kan uwa da uba, alhali su ma musibar ba ta bar su ba?

Tambayar ba ta nesa ba ce. Tun daga 2019 dubban iyalai suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa yankunan Gidan Rumji da Madarumfa suna gudun ƴan bindiga, kuma da yawan masu gudun mata ne da yara. A watan Maris na 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan Tilliya cikin jihar Tawa. A watan Afrilu na shekarar gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata lakkwal a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin ashirin suka rasu. A watan Nuwamba irin wannan gobara ta ci yara fiye da ashirin a Maradi. Ambaliyar damanar 2024 ta rushe gidaje masu yawa a Maradi da Damagaram da sauran jihohi. Mun ƙidaya waɗanda suka rasu, mun yi musu addu'a, Allah ya jiƙansu. Amma a kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare akwai yara ƴan shekara uku, huɗu, biyar da suka tsira, suka koma gida da abin da suka gani. Ga kuma haɗarin mota, da ƙunar ruwan zafi, da mutuwar uwa wurin haihuwa, da duka tsakanin miji da mata, waɗanda ba su shiga labaran rediyo.

Shin yaro yana mantawa?

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Karin maganar bai ware yaro ba. Bambancin yaro da babba shi ne babba yana da kalmomin da zai ba da labari, yaro kuwa jikinsa ne ke ba da labarin. Wanda ya daina fitsarin kwance sai ya dawo da shi. Wadda ta fara magana sosai sai bakinta ya mutu. Wani ya riƙa zabura cikin barci yana ƙara, wani ya manne wa zanen uwarsa ko bayan gida ba ta zuwa ita kaɗai. Wani ya ji ƙarar babur ya shige ƙarƙashin gado. Wani ya koma mai cizo da dukan ƙannensa. Wani kuma ya riƙa maimaita wasa guda kullum: ya jera ƴan tsana na kara ya watsa su, ya sake jerawa ya sake watsawa, fuskarsa babu alamar jin daɗin wasa.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna auna ƙananan yara da ma'aunin manya, sai ya zama kamar yaran lafiyarsu lau, domin ba su iya faɗin abin da babba ke faɗa. Sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya a kundinta ma'auni na dabam don gane tabon firgici a yara ƴan shekara shida zuwa ƙasa. Yara da yawa suna warwarewa da kansu cikin makonni idan gida ya natsu, wannan gaskiya ne kuma rahama ce. Amma wasu abin yana zaune musu watanni har shekaru. Saboda haka cewa "zai manta" fata ne muke yi, kuma fata ba ya sauke nauyi.

Imamu Gazali a cikin Ihya'u, a babin horar da rai, ya bayyana yaro a matsayin amana a hannun iyayensa, ya kamanta zuciyarsa da dutse mai daraja wanda ba a yi wa zane ba tukuna, mai karɓar duk abin da aka zana masa. Mukan kawo wannan magana idan ana zancen koya wa yaro salla da ladabi. Amma idan zuciyar tana karɓar zanen alheri, to tana karɓar zanen tsoro ma. Wanda aka ba ajiyar abu mai daraja, ɓarawo ya karce shi, ba zai ce ba ruwansa tunda ba shi ya karce ba. Ajiyar tana hannunsa har yanzu.

Mene ne haƙuri?

Haƙuri a wurin malamai shi ne tsare rai daga fushi da hukuncin Allah, da tsare harshe daga maganar da ke nuna ƙin yarda, da tsare gaɓoɓi daga marin fuska da yaga tufa. Ba su sanya ƙafewar hawaye cikin sharuɗɗansa ba. Annabi Yaƙubu (A.S) shi ne Alƙur'ani ya ba mu labarin kyakkyawan haƙurinsa, shi ne kuma ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, yana kai kukansa ga Ubangijinsa. Manzon Allah (S.A.W) ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahimu ke barin duniya, Abdurrahmani ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce.

A littattafan tasawwufi an ruwaito cewa Fudailu ɗan Iyadu, wanda aka yi shekaru ba a ga murmushinsa ba, ya yi murmushi ranar da ɗansa Aliyu ya rasu, saboda yarda da abin da Allah ya zaɓa. Wannan babban maƙami ne. Duk da haka malamai sun yi bayani cewa halin Annabi (S.A.W) ya fi cika, domin zuciyarsa ta ɗauki abu biyu a lokaci guda: yarda da hukuncin Mahalicci da tausayin abin halitta. Zuciyar da ta ɗauki ɗaya kawai, ɗayan bai samu wuri ba ne. To idan cikar hali ita ce haɗa yarda da tausayi, uban da ya tsawata wa ɗansa mai shekara huɗu don ya yi kukan mahaifiyarsa, wane maƙami yake nema masa?

Akwai kuma wani abu. Haƙuri ibada ce ta mai hankali, wanda ya san Wanda ya hukunta kuma ya zaɓi ya yarda. Yaron da bai balaga ba an ɗauke masa alƙalami, ba a ɗora masa salla ba balle wannan aiki mai nauyi na zuciya. Idan muka tilasta masa shiru, abin da ya koya shi ne cewa tsoronsa abin kunya ne, kuma babu wanda zai kai wa. Sau da yawa ma, in mun faɗa wa kanmu gaskiya, kukansa ne ke tayar mana da namu mikin, sai mu rufe bakinsa don mu samu sauƙi. Haƙurin da ke wurin na babba ne: ya jure jin tambaya guda sau ashirin, ya jure wankin shimfiɗa kowace safiya ba tare da gori ba, ya jure tashi tsakar dare.

Don me sai iyaye?

Ma'abota tarbiyya sun san cewa hali yana naso. Almajiri yakan zauna gaban shehinsa da zuciya a dagule, ba a ce masa komai ba, ya tashi da natsuwa. Shi ya sa suka fifita zama da mutanen kirki a kan yawan karatu ba tare da zama ba. Ƙaramin yaro haka yake da uwarsa, har ma fiye. Bai iya kwantar da bugun zuciyarsa da kansa ba tukuna. Idan abu ya fashe, fuskar uwarsa yake fara duba don ya san ko duniya ta tashi ne ko ba ta tashi ba.

Masu bincike sun iso wannan wuri ta tasu hanyar. Lokacin yaƙin duniya na biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham sun riƙe gidajen renon yara a Landan ana ruwan bama-bamai. A littafin da suka fitar a 1943 sun bayyana cewa raba ƙaramin yaro da uwarsa don a kai shi wuri mai aminci ya fi girgiza shi a kan bama-baman, kuma tsoron yara yana bin tsoron iyayensu mata. A 1995 Michael Scheeringa da Charles Zeanah sun duba yara ƴan ƙasa da shekara huɗu da suka shiga tashin hankali, suka ga waɗanda alamunsu suka fi tsanani su ne waɗanda suka ga an yi barazana ga mai renonsu. Yaro yana iya jure ciwon jikinsa fiye da ganin an durƙusar da uwarsa, domin ita ce katangarsa.

Shi ya sa hanyoyin magani da aka gwada aka ga amfaninsu ga ƙananan yara ba su barin iyaye a bakin ƙofa. A hanyar da Alicia Lieberman da Patricia Van Horn suka tsara a San Faransisko, uwa da ɗanta tare suke zama gaban mai ba da magani, ana wasa, ana taimaka wa uwar ta fahimci abin da wasan ke faɗa. A hanyar Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger ana zama da yaro, ana zama da mahaifi, daga baya a haɗa su yaron ya ba da labarinsa a gaban wanda aka riga aka shirya ya saurara. Alison Salloum a Fulorida ta gwada wani tsari ga yara ƴan shekara uku zuwa bakwai, inda iyaye ke yin mafi yawan zaman a gida, mai magani yana ganinsu ƴan lokuta kaɗan yana kuma bin su ta waya, sai mafi yawan yaran suka samu sauƙi a wannan mataki na farko. Wannan labari ne mai daɗi ga ƙasa irin tamu, inda masu wannan sana'a ba su da yawa kuma galibinsu suna manyan birane. Likita yana ganin yaro sa'a guda. Sauran dare da rana na iyaye ne.

Muna da abin koyi a gidan Annabta. Nauyin wahayi ba cuta ba ne, kuma Manzon Allah (S.A.W) ya fi ƙarfin a kwatanta shi da kowa, darasin da nake nufi yana cikin aikin Nana Khadija (R.A). Da ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa tana bugawa, ba ta tare shi da tambaya ba, ta lulluɓe shi har ya natsu. Sannan ta saurari labarin duka. Sannan ta tuna masa kyawawan halayensa. Sannan ta kai shi wurin Waraƙatu ɗan Naufal, wanda yake da sanin abin. Lulluɓewa, saurare, ƙarfafawa, kai wa masani: uwar da ta bi wannan jeri da ɗanta ba ta bar komai ba.

Abubuwan da za a iya cewa

Wani zai ce: uwar da aka kashe mijinta a gabanta, ta yi kwana biyu tana tafiya a daji da goyo, ita za a ce ta zama magani? Wannan ba ƙarin zalunci ba ne? Maganar tana da nauyi, kuma duk wanda ya mayar da wannan bayani sandar dukan iyaye mata ya juya shi. Amsar ita ce nauyin ba nata ita kaɗai ba ne. Lokacin da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (S.A.W) ya je gidan Asma'u ƴar Umaisu ya rungumi ƴaƴan, ya kuma umurci iyalinsa su dafa wa gidan abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Bayan kwana uku ya koma, ya sa aka kira wanzami ya yi wa yaran aski, ya yi musu addu'a, ya kwantar wa uwarsu hankali game da makomarsu. Ya kula da yaran kai tsaye, ya kuma sauke wa uwar kaya don ta samu hannun riƙe su. Wanda yake son taimakon yaro ya fara da tambayar uwarsa ko ta ci abinci, ko ta yi barci, ko tana da wadda take faɗa wa damuwarta. A nan zawiyoyinmu da ƙungiyoyin mata masu zikiri suke da aiki. Muna taruwa kowace rana don wazifa, mun san wanda ya daina zuwa, mun san gidan da aka sauki baƙi ƴan gudun hijira. Ziyarar kwana arba'in da ta wata uku ta fi ta ranar farko tsada, domin a lokacin kowa ya watse.

A nan ne kuma ya kamata mu sake duba al'adar ɗauke yaro a kai shi riƙo wani gari da zarar musiba ta faru, wai don ya manta. Niyyar mai kyau ce, wani lokaci kuma babu makawa. Amma yaron da ya rasa uba yau, gobe ya farka babu uwa, rashi biyu ya yi. In dole ne, a kai shi wurin wadda ya saba da ita, kaka ko inna ko gwaggo, a gaya masa gaskiyar inda za shi da ranar da za a zo ganinsa, a kuma cika.

Wani zai ce: mu mutane ne masu kunya, uba ba ya rungumar ɗa, ɗan fari ma ko sunansa ba a faɗa. Kunya ado ce kuma reshe ce ta imani, ba na kiran a yar da ita. Sai dai Annabi (S.A.W), wanda ya fi kowa kunya, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, da Aƙra'u ya ce yana da ƴaƴa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai ya gargaɗe shi cewa rahama tana ga masu rahama. Ya kan taƙaita salla idan ya ji kukan jariri don tausayin uwarsa. Ya tsaya ya tambayi ƙanen Anas, Abu Umairu, labarin ɗan tsuntsunsa da ya mutu. Idan mutuwar tsuntsu ta isa a tsaya wa yaro, ina ga mutuwar uba? Alkunyar ɗan fari al'ada ce ta lokacin lafiya. In gida ya kama wuta ba a tsayawa sallama. Uban da harshensa ya yi nauyi yana iya zaunar da yaron kusa da shi a kan buzu bayan magariba, ya ɗora masa hannu a ka yana jan carbinsa. Yaron zai gane.

Wani kuma zai ce: wannan aikin iska ne ko kambun baka, maganinsa tofi da rubutu. Addu'a gaskiya ce, Annabi (S.A.W) ya kasance yana nema wa Hasan da Husaini tsari, kuma uwar da ke tofa wa ɗanta addu'a kowane dare da murya mai sanyi ta haɗa masa tsari da natsuwa. Amma shi ne kuma ya umurce mu da neman magani, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah. Abin da ba shi da wuri shi ne a danne yaron da ya riga ya firgita a turnuƙe shi da hayaƙi, ana daka masa tsawa wai da aljani ake. An hana tsorata musulmi ko da wasa. Idan wata guda ya wuce alamun ba su raguwa, ko yaro ya daina ci, ko ya daina magana, a kai shi likita a nemi a haɗa shi da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ana ci gaba da addu'a.

Saura magana mafi ɗaci. Wani lokaci abin da yaron ke tsoro yana cikin gidan: uba mai duka, ko wani na jiki da ya ci amanarsa. A nan sai a ce a rufa asiri, a yi haƙuri, kada zumunci ya lalace. Rufin asiri na mai laifin da ya tsaya tsakaninsa da Allah ne. Bai shafi barin yaro a hannun mai cutar da shi ba. Babu maganin da ke kama miki alhali wuƙar tana ciki. Farkon haƙƙin yaron shi ne a yarda da maganarsa, a raba shi da mai cutarwa, a kai shi asibiti, a kai maganar ga hukuma. Mahaifin da ya tsaya wa ɗansa a wannan hali, dangi suna zarginsa, shi ne ya san ɗanɗanon haƙuri.

Abin da kowa zai iya

A mayar wa yaro da tsarin yininsa: lokacin fura, lokacin wanka, lokacin allo, lokacin barci, domin sabo yana gaya masa cewa gobe za ta zo kamar yau. A daina tsorata shi da dodo ko soja ko allura. Kada a doke shi ko a tara masa yara don fitsarin kwance. A bar shi ya yi wasansa, a zauna kusa, in ya ba da labari a saurara, in bai bayar ba kada a matsa. A ba abin da yake ji suna: "Ka ji tsoro da ƙarar nan, ko? Ga ni nan." A kiyaye abin da manya ke faɗa da hotunan da ake kallo a waya a gabansa. A gaya masa ba laifinsa ba ne, domin ƙananan yara sukan zaci rashin jinsu ne ya jawo abin.

Kada kuma a yi masa ƙarya. Annabi (S.A.W) ya ji mahaifiyar Abdullahi ɗan Amiru tana kiransa da alkawarin za ta ba shi wani abu, ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Idan dabino ɗaya haka ne, to "babanka ya yi tafiya" fa? Yaron zai zauna bakin ƙofa yana jira, ranar da ya gane kuwa ya rasa uban ya rasa yarda da mai faɗa. A gaya masa daidai hankalinsa: Baba ya rasu, ba zai dawo ba, yana wurin Allah, muna yi masa addu'a, mu kuma muna nan tare da kai. In hawaye ya zo wa mai faɗa, ba laifi. Yaron ya ga ana kuka ana kuma tashi a yi salla a ɗora tukunya. A nan zai fara koyon haƙuri na gaskiya, tun kafin ya san sunansa.

Allah ya sanya natsuwa a zukatan ƴaƴanmu, ya ƙarfafi iyayensu kamar yadda ya ƙarfafi zuciyar mahaifiyar Annabi Musa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya, albarkar Shugaban halitta (S.A.W). Amin.